Wa ya fi sanin makarantar cikin gari, ɗan birni ko baƙon da aka kawo?

Ɗan_Cadakori
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina shekara ta 3 a tsangayar nazarin ilimi ta Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, na zo Maraɗi bakansi, kuma memwar, wato kundin binciken kammala karatu, na gabana. Wani abu ya faru a ajinmu da har yau yake mini yawo a kai. Malaminmu ya ce kowa ya zaɓi inda zai yi bincikensa, makarantun karkara ko na cikin gari. Ni na sa rai ƴan birni za su rungume birninsu, mu ƴan ƙauye a bar mu da daji. Sai abin ya juye. Mu da muka ce birni, kusan dukanmu yaran ƙauye ne da aka kawo gari aka ajiye gidan wani don mu yi CEG, wato ƙaramar sakandare. Haifaffun birni kuwa karkara suka nufa, wai can matsalar take.

Abin da na fahimta shi ne wanda aka haifa a Maraɗi bai san makarantar Maraɗi ba. Baƙo ne ya san ta, don shi ta ciza. Ku da kuke ENI, makarantar horon malaman firamare, da masu jami'a, da waɗanda suka riga suka riƙe alli: daga ina kuka fito, kuma me ya sa kuke son koyarwa cikin gari ko kuke gudunta?

Ɗan_Bagalam
Wa alaikumus salam. Malam, da neman faɗa ka shigo. A Bagalam aka yanke mini cibiya. Daga CI har CM2, wato ajin farko har na ƙarshe na firamare, ban taɓa zama ajin da bai kai mutum 80 ba, shekara biyu a kan buhu na yi su don tebur bai isa ba. Kai da ka sauka tasha da ɗan akwatinka kana shekara 13, kai ne za ka fi ni sanin makarantar garinmu?

Ƴar_Tsibiri
Hhhh an taɓa ƴan gari. Bari in gyara zama.

Mushe_Mai_Ritaya
Ƴaƴana, ku bi a hankali. Na riƙe alli shekara 33, 12 a daji, sauran a nan. Zamaninmu wannan tambaya ba ta ma tashi. Ka gama makarantar horon malamai, takardar afektasho ta fito, inda aka jefa ka nan za ka faɗa. Kuma mu da muka cika makarantar horon ɗiyan talakawan ƙauye ne. Ɗan Maraɗi na asali me zai kai shi aikin mushe, wato malanta, alhali yana ganin Alhajin unguwarsu da bai taɓa taka lakwal ba yana da manyan motoci suna kai da komowa tsakanin nan da Kano? Uba kan ce wa ɗansa ya zo shago, boko na masu jiran ƙarshen wata ne.

Abin da nake so ku lura da shi, garin da kuke jayayya a kansa ba ya tsaye wuri guda. Tsohon gari a ƙasa yake, bakin Gulbi, ambaliyar 1945 ce ta sa aka hau da shi tudu. Ƙidayar 2012 ta ba birnin mutum dubu 267 da ɗoriya, kuma kun gani da idonku gonakin da aka yanka filaye daga lokacin zuwa yau. Inda na san ana noman hatsi da gyaɗa, yanzu gidaje ne har ka gaji da tafiya. Mutane kan riga makaranta isa unguwa. Sai wuri ya cika da yara sannan a kafa rumfar zana a ce aji ne. To makarantar bakin garin nan, ta birni ce ko ta ƙauye? Yaran cikinta, iyayensu bara waccan suka taso daga Mayahi ko Agye.

Kontiragi_Dakoro
Ku yi ta rubuta memwar. Ni shekara 7 ke nan ina kontiragi, wato malamin kwangila, arewacin Dakoro, kuma wallahi ban taɓa ganin wanda yat tahi birni don shina son matsalar birni ba. Wuta ce, da ruwan hwamho, da rizo, da kur, darasin ƙari na yamma, gidan masu kuɗɗi. Mu nan in kuɗɗin wata sun yi jinkiri, mai shago ka riƙon mu. Ni ɗai ka riƙe da CE1 da CE2, ƴan aji uku da huɗu, cikin aji guda. Duk wanda yac ce birni ad da wahala, shi zo mu yi musanya gobe da sahe.

Ƴar_Tsibiri
Yaya Kontiragi bai yi ƙarya ba, ko da ya yi zafi. Ni ina ENI Bawa Jangorzo nan Maraɗi. In ka zauna da ƴan matan ajinmu ka tambaye su tsakani da Allah, mafi yawa gari suke so, kuma dalilin aure ne. Mai miji a nan ba ta son a jefa ta inda sai ta yini a hanya. Wadda ba ta yi aure ba, iyayenta ba za su yarda ta zauna ita kaɗai a ƙauyen da ba su san kowa ba. Shi ya sa in ka shiga firamaren cikin gari za ka tarar madam sun fi mushe yawa. Ni ma da wannan niyyar na shiga, ba zan ɓoye muku ba.

Sai da muka je istaj, wato gwajin koyarwa, aka ba ni CP, aji biyu na firamare, a wata makaranta ta bakin gari sannan abin ya shiga raina don kansa. Yara 94. Kiran suna kaɗai ya cinye minti 15. An koya mana raba yara rukuni-rukuni, to ina filin rabawa? Ko ratsawa tsakaninsu ba ka yi sai ka taka ƙafar wani. Madam ɗin da ke riƙe da ajin ta nuna mini dabarar da babu ita a kayyena: ta ware yara shida masu kai, tana zama da su kafin a kaɗa ƙararrawa ta biya musu darasin ranar, kowane kuma ta ba shi layinsa ya riƙa duba allunan ƴan'uwansa. Ita tana gaba, su suna ciki. Tun ranar nake cewa koyar da aji irin wannan fanni ne mai zaman kansa, ya kamata a ce ana karantar da shi daban.

Bazabarme_Ɗan_Yamai
Wai Bagobira ce aka ba yara 94? Allah ya jiƙan boko. Ki fara ƙirga zanen kumatunki tukuna, in lissafi ya fita sai a ba ki yara.

Ƴar_Tsibiri
Bawa ba ya sa baki iyayen gijinsa na magana. Je ka ci koptonka.

Bazabarme_Ɗan_Yamai
To uwargijiya, na ji. Amma ban da wasa, akwai kashi na uku da Ɗan_Cadakori ya manta. Ni ENS, makarantar horon malaman sakandare, na yi a Jami'ar Abdou Moumouni, yanzu lissafi nake koyarwa a wani lise nan Maraɗi. A rukuninmu, waɗanda na fi sani ɗiyan malamai ne. Ubana darakta ne, mun zauna garuruwa biyar kafin in yi BEPC, jarrabawar ƙarshen CEG. Irinmu ba ƴan birni ba ne, ba ƴan ƙauye ba ne, ƴan gidan makaranta ne. Ban taɓa zama na zaɓi aikin nan ba, na tashi ne na ga ana gyaran kayye bayan isha'i na ɗauka haka kowane gida yake.

Maman_Halifa
Ni ba ɗaliba ba ce, uwa ce, ina cikin ƙungiyar iyaye mata ta makarantar unguwarmu. Ɗana Ɗan_Cadakori, in bincike kake so ka zo ranar Litinin ko Juma'a, ranar kasuwa, ka ƙirga ƴan matan da ba su zo CM1, aji biyar, ba. Suna can da tire a ka. Ba don uwayen ba su san amfanin boko ba. Da ribar tallar ake sayen kayan miya, da ita ake tara kayan ɗaki. Malamar da ta tashi gidan da ba a talla, sai ta yi ta aika wa uwar yarinya baƙar magana, uwar kuma ta yi zuciya ta cire ɗiyarta gaba ɗaya. Wadda ta taɓa ɗaukar tire ta san ta inda za ta shiga: ta zo har gida ta gaishe ki, ta ce a bar mata yarinyar da safe, in ya so ta fita bayan an tashi. Mun ga iri biyun duka.

Kai kuma Kontiragi, Allah ya ba ka lada, mun san kuna shan wuya. Amma kada ka ce birni ba wahala. Ka manta Nuwamba 2021? A cikin garin nan wuta ta kama azuzuwan zana, yara fiye da 20 suka tafi, ƙanana ƴan shekara biyar da shida. Ba a daji aka yi ba.

Bazabarme_Ɗan_Yamai
Kafin ta kuma an yi ta Yamai, cikin Afrilun shekarar, a unguwar Pays-Bas. Ita ma azuzuwan zana ne, ita ma ƙananan yara.

Mushe_Mai_Ritaya
Allah ya jiƙansu, ya sa masu ceton iyayensu ne. Bayan ta Maraɗi ne gwamnati ta hana sa ƴan jardan, wato ƙananan da ba su kai firamare ba, a cikin zana. Ku lura duka biyun a manyan birane aka yi. A ƙauye rumfa ɗaya ce ko biyu a fili fetal. A birni filin makaranta ya matse, rumfuna na jingine da juna, ga katanga, ga ƙofa ɗaya. Wannan ma yana cikin abin da mai nazarin makarantar gari zai duba, ba darasi kaɗai ba.

Kontiragi_Dakoro
Amin. Inna, ki yi haƙuri, ban yi nuhin haka ba.

Ɗan_Cadakori
Amin ya Allah. Na gode iyayena. @Ɗan_Bagalam, ban ce ba ka sha wuya ba. Bari in faɗa maka abin da nake nufi da baƙo.

Da na ci shiga 6e, ajin farko na CEG, babu CEG kusa da ƙauyenmu, sai babana ya ɗauko ni da buhun hatsi ɗaya ya kawo ni gidan wani abokin cinikinsa. Mutumin kirki ne a nasa ganin, ya karɓe ni bai nemi ko dala ba. Amma a zaure nake kwana, tare da babur da buhunan siminti. Kafin in tafi makaranta sai na cika randuna uku. In na dawo tsakar rana, shago. Da dare in kowa ya kwanta in fito gindin fitilar titi da kayyena. Kusan kullum a makare nake isa, kusan kullum sai na sha bulala a bakin ƙofa. Shekara biyu cur ba wanda ya tambaye ni me ya sa. A takarda ni ɗan birni ne, ina da adireshi, ina da mai kula da ni.

Muna 4e, shekara ta uku a CEG, aka kawo mana wani sabon mushen Faransanci. Ranar da ya ga ina gyangyaɗi bai kore ni ba. Da aka fita ya kira ni ya ce, da Hausa, "Kai, ina kake kwana?" Wallahi sai da na yi hawaye. Ashe shi ma haka aka yi masa a Tasawa. Ya je ya sami maigidan, ban san me suka ce ba, aka dai ɗauke mini ɗibar ruwan safe. Mu 9 muka zo daga yankinmu a shekarar, mu 2 muka kai BEPC. Sauran wasu sun koma gona, wasu sun tafi bida Najeriya, mace ɗaya da ke cikinmu aka yi mata aure kafin ƙarshen 5e.

Kai kana aji ɗaya da irinmu, ƙila ma benci ɗaya. Amma in an tashi gidan uwarka kake komawa. Abin da nake nufi ke nan.

Ɗan_Bagalam
Na ji ka, kuma na tuna wani da muka zauna tare a 5e, kullum hannunsa a tsattsage, ban taɓa tambayarsa ba. Wannan kam ka ci ni. Amma ban sauka gaba ɗaya ba. Ɗan gari ma yana da nasa abin da kai ba ka sani ba. Kai an kawo ka ne don karatu, kana tsoron komawa gida hannu sake, wannan tsoron ya riƙe ka. Mu ba abin da ya riƙe mu. Ga fada a ƙofar gida ana dafa shayi har asuba, ga abokinka ya bar aji ya kama kabu-kabu yana shigowa da jika biyu ko uku a yini, kai kana roƙon kuɗin biro. Ga ƙwaya tana yawo. A layinmu mu 2 muka yi BAC, jarrabawar gama sakandare. Ni yanzu ina Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, kimiyya nake karanta, kuma in na fita sabis sibik, wato bautar ƙasa, ina roƙon Allah a ba ni CEG na tsohon gari, don na san yaran da kuma inda suke ɓuya in sun gudo daga aji.

In akwai wanda bai san makarantar Maraɗi ba, shi ne wanda aka kai makarantar kuɗi da mota tun daga jardan. Rabon ba tsakanin birni da ƙauye yake ba.

Ƴar_Sabon_Gari
Toh, ashe a nan ake gulmarmu. Ɗan_Cadakori, ajinmu ɗaya, ka san ni. Na farko, mu nawa ne ma? Waɗanda suka zaɓi birni ku 11 ne, kuma biyu cikinku ƴan cikin Tawa ne. Da mutum 11 za ka yanke wa garin Maraɗi hukunci? In ka rubuta haka a memwar, juri za su yi kalaci da kai.

Na biyu, ni makarantar kuɗin da Ɗan_Bagalam ke faɗa na yi, ban kuma ji kunya ba. Na zaɓi karkara, kuma zan faɗa muku dalilin da ba wanda ya faɗa a aji: ƙungiyoyi masu ɗaukar aiki, ayyukansu na ilimi a karkara suke. Karatun ƴaƴa mata, kantin, makarantun makiyaya. In memwar ɗinka a kan ƙauye yake, kana da abin nunawa ranar neman aiki. Wa ka taɓa ji ya ba da kuɗi don a binciki wani CEG a tsakiyar gari? Kowa ya ɗauka birni ya ƙoshi.

Ɗan_Cadakori
Hajiya, da kin kira ni gefe kin faɗa mini. Na karɓi gyaran 11 ɗin. Amma maganarki ta ƙarshe ai tawa ce kika ƙarasa mini.

Kontiragi_Dakoro
Kun ji ko? Mu ad daji, su ka cin sunanmu. Shekara 7 ban ga mai memwar ko guda ya kwan garinga ba, da rana su ka zuwa da mota su koma.

Bakatsine_a_Maraɗi
Ku ba baƙo wuri. Ni daga Katsina nake, ina karatu a ɗaya daga jami'o'in kuɗi na nan, kuma NCE, takardar shaidar malanta ta Najeriya, na yi kafin in zo. Abin da ya fi ba ni mamaki, yaro yana Hausa a gida, yana Hausa a kasuwa, malamarsa Bahaushiya, amma ranar farko a CI sai a tare shi da Faransanci. Mu ma muna da irinta da Turanci, ban ce mun fi ku ba. Sai dai ga yaran da rikicin ƴan bindiga ya koro daga Zamfara da Sakkwato da Katsina tun 2019, yawanci suna wajen Gidan Runji, wasu sun gangaro gari wurin dangi. Yaron da ya yi aji 3 a can, in ya zo nan ina za a sa shi? Wanda zai koyar a garin iyaka irin wannan ya kamata a shirya shi don haka.

Mushe_Mai_Ritaya
Ɗana, koyarwa da Hausa ba sabon abu ba ne a nan. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram. Dokar ilimi ta 1998 ma ta ba harsunan ƙasa wuri. Na ga ajin gwaji da idona, yara na karanta labari su yi dariya a inda ya kamata a yi dariya, abin da ban cika gani a ajin Faransanci ba kafin CE2. Amma ka san su wa suka fi ƙin kai ƴaƴansu can? Ƴan bokon birni. Ni ma ban kai nawa ba, Allah ya yafe mini.

Ƴar_Tsibiri
Baba, yanzu da kundin tafiyar da ƙasa na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki, ƙila abin ya sake. Mu dai a istaj, gaskiya, in mai duba aiki ya fita kowa Hausa yake juyawa, in ba haka ba kai kaɗai kake magana.

Ustaz_Faranko
Salamu alaikum. Na karanta tun daga sama, ban ga wanda ya ambaci irinmu ba. Ni almajiri ne, a garin nan na yi bara ina ɗan shekara 8, sai da na sauke sannan wani bawan Allah ya sa ni Faranko-Arab, makarantar Faransanci da Larabci, na girmi kowa a ajin. Yau ni ke koyarwa. Tsarin nan ya daɗe, tun 1957 aka buɗe ta farko a Sayi, kuma a Maraɗi akwai iyaye da yawa da ba za su ba ka ɗansu ba sai sun ji akwai Larabci da addini a ciki. Ɗan_Cadakori, kai a zaure ka kwana amma sunanka na cikin rajista. Akwai dubban yara a garin nan da ke wucewa ta ƙofar makaranta kullum da ƙwarya a hannu, ba su cikin lissafin kowa. In za ka rubuta makarantar birni, ka sa su ciki ko da shafi ɗaya ne. Ni abin da ya kawo ni aikin ke nan.

Mai_Kula_da_Zaure
Jama'a, mun je Damagaram mun je Sayi, a dawo kan tambaya. Ɗalibai nawa ne a nan suka yi shiru? Ku faɗi daga ina kuke, kuma ina kuke so a kai ku.

Ɗan_Madarunfa_ENI
Ni daga wani ƙauye kusa da iyaka. Birni nake so, ba don wuta ko famfo ba. Tsoro. Ƙauyenmu da dare ba kowa ke kwana gida ba.

Hadiza_Lisans2
Haifaffiyar Zariya 2, uwata madam ce, kuma ita ce ta ce kada in kuskura in yi aikinta. Ga ni ina yi.

Ɗan_Bagalam
@Ɗan_Cadakori, canza kan memwar ɗin. Bar birni da ƙauye, ka rubuta a kan yaran da ke zaune gidan wasu. Zan raka ka tsohon CEG ɗinmu, surbeyan ɗin ya san ni, da bulalarsa na girma.

Ƴar_Sabon_Gari
Kuma ka tambayi mata daban. Yarinyar da aka ajiye gidan wani ba randa uku take cikawa ba, gidan duka ne a kanta, kuma ba za ta faɗa maka gaban maza ba. In kana so ni zan yi maka wannan ɓangaren, ka sa sunana a godiya.

Maman_Halifa
Ka bari a koma makaranta cikin Oktoba tukuna, yanzu ba kowa sai awaki. In ka zo ka tambayi gidan mai ƙosai na bayan makarantar, kowa ya san ni. Ka zo da wuri, ƙarfe 8 an riga an san wadda za ta zo da wadda ba za ta zo ba.

Kontiragi_Dakoro
In ka ƙare da su ka hau motar Dakoro, akwai tabarma. Ka taho da alli kwali guda, namu ya ƙare tun Mayu.